Babi na Shida: Sandar Tsohon Lofe da Yadda Ake Gyara Ta

Lofe kashi biyu ne: tukunya, inda ake cusa taba a sa mata wuta, da sanda, wadda hayaƙi ke bi ta cikinta zuwa baki. A arewacin Kamaru, daga Garwa har duwatsun Mandara, yawancin lofen gargajiya haka aka yi shi, tukunya dabam sanda dabam. Tukunyar ta yumɓu ce ko ta tagulla ko ta baƙin ƙarfe, tana da ɗan gajeren wuya a gefe, a raminsa ake soka sandar, a naɗe gindinta da zare ko tsumma don kada iska ta riƙa shiga. Tukunyar yumɓu da aka gasa tana iya kwana ɗaruruwan shekaru a cikin ƙasa ba ta yi komai ba. Sanda kuwa gara ta ci, haƙori ya tauna, zafi ya fasa, mai ita ya jefar ya yanko wata. Shi ya sa tsohuwar tukunyar taba ba ta wuyar samu, amma tsohon lofe mai sandarsa ta asali abu ne da ba kullum ake gamuwa da shi ba, kuma wanda ya same shi ya kamata ya yi tunani kafin ya ɗauko wuƙa da sanfefa.

Masu tonon kayan tarihi sun daɗe da sanin wannan. Tun daga shekarun 1930 da Marcel Griaule da Jean-Paul Lebeuf suka fara tonon tuddan mutanen Sao a kudancin Tafkin Chadi, ana samun tukwanen taba na yumɓu, amma ba sanduna. Tukwanen suna taimakawa wajen ƙiyasta shekarun wuri, domin taba daga nahiyar Amurka ta zo, kuma ba ta bazu a Afirka ta Yamma ba sai wajen shekarar 1600. A 1607 Ahmad Baba na Timbuktu ya riga ya rubuta risala a kan hukuncin shanta, alamar cewa abin ya kai ga malamai suna jayayya. Lokacin da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgum a ƙarshen 1851, ya tarar ana noman taba ana shanta a can. A garuruwan Fulani irin su Garwa, da suka taso a ƙarƙashin tutar Modibbo Adama na Yola, malamai da yawa sun ƙyamaci hayaƙi, ɗariƙar Tijjaniyya kuma ta hana shi ga mabiyanta. Saboda haka lofe ya fi zama kayan mutanen dutse da na ƙauye: Fali na tsaunukan Tinguelin a arewa da Garwa, Kapsiki na wajen Rumsiki masu zubin tagulla, da Koma na duwatsun Alantika, inda har yau ake ganin tsofaffin mata da lofe a baki.

Akwai kuma wani iri na biyu da ya shigo daga baya. Jamusawa sun kama Garwa a 1901, Ingila da Faransa suka ƙwace ta a 1915, garin ya zama tashar jiragen ruwa da ke hawowa ta Binuwai da damina. Jami'an mulki da 'yan kasuwa da 'yan mishan da tsofaffin sojoji sun bar lofen Turai a gidaje da akwatuna. Tukunyarsa ta saiwar wani ɗan itace ce da ke fitowa a ƙasashen gaɓar Bahar Rum, kuma garin Saint-Claude na Faransa ne ya yi suna da sassaƙa ta tun tsakiyar ƙarni na 19. Sandarsa baƙa ce, gajera, mai faɗi a wajen baki. Gyaranta ya sha bamban da na sandar gargajiya, har ma abin da ke gyara ɗaya yana ɓata ɗayar.

Sanin abin da aka yi sandar da shi

Wannan shi ne aikin farko, kuma a nan aka fi yin kuskure. Sandar gargajiya takan zama karan dawa ko gora ko reshen itace mai taushin tsakiya wanda aka huda da waya mai zafi, ko kuma bututun ƙarfe ko na tagulla. Wata an lulluɓe ta da fata, wata an naɗe ta da wayar tagulla, wata an yi mata ado da duwatsu irin na manyan lofen sarauta da ake kawowa daga Fumban. Ido ya isa ya rarrabe waɗannan.

Baƙar sandar Turai ce ke ruɗi. Yawancin tsofaffin da ebonait aka yi su, wato danko da aka dafa da farar wuta mai yawa har ya yi tauri, fasahar da Nelson Goodyear ya yi wa rajista a Amurka a 1851. Na baya-bayan nan kuwa da yawa robar akirilik ce. Ana gane ebonait idan an goga babban yatsa a kai da ƙarfi har wurin ya yi ɗumi: sai a ji warin ƙonannen taya. Akirilik ba ta wari, tana da santsi da sanyi a haƙori, kuma launinta ba ya juyawa. Akan samu sandar ƙaho ko ta ƙashi ma, waɗanda ake gani da layi-layi a jikinsu idan an ɗaga su a haske.

Raba sanda da tukunya

Ba a cire sanda da zafi, ba a kuma cire ta da ƙarfi. A lofen Turai akwai ɗan siririn hanci a gindin sanda da ke shiga cikin wuyan tukunya, shi ne wurin da ya fi saurin karyewa. Ana riƙe wuyan da hannu ɗaya kusa da mahaɗar, a murɗa sandar a hankali ta gefe guda ana ja, ba a girgiza ta sama da ƙasa. Idan ta ƙi, maiƙon taba ne ya bushe ya manne ta. Sai a ɗiga sifirit a mahaɗar a bar shi ya ratsa, ko a sa lofen gaba ɗaya a firiza kamar rabin awa, domin sanyi yana sa sandar ta ɗan tsuke. Filaya ba ta da wuri a wannan aiki, ko an naɗe bakinta da tsumma.

A lofen yumɓu haɗarin yana ga tukunya. Itace yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Sandar da ta maƙale a watan Agusta sau da yawa da kanta take sakewa a watan Janairu, lokacin da iskar hunturu ta busar da komai a kwarin Binuwai. Wanda ya matsa mata da damina wuyan tukunyar zai tsage, kuma tsagaggen wuya ba ya komawa daidai. Tsohon zare ko tsumman da aka samu a gindin sanda a ajiye shi a gefe, kada a zubar, domin shi ma wani ɓangare ne na lofen.

Wanke ciki

Cikin sanda ne ke tara ƙazanta. Hayaƙi yana hucewa a hanya, ya bar wani baƙin maiƙo mai ɗauke da nikotin, ya gauraya da yawu da ƙura, shekara da shekaru har ramin ya ƙuntata. A sandar da ta daɗe a rataye akan tarar zanzaro ya toshe bakin da laka. Shi wannan maiƙo guba ne, yana shiga jiki ta fata, kuma kaɗan ya isa ya kwantar da ƙaramin yaro. Audugar da aka goge shi da ita a binne ta ko a ƙone ta, a kuma wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci.

A Turai ana sayar da wata siririyar waya da aka murɗa da auduga musamman don wannan aiki. Inda babu ita, gashin zabo ko na kaza yana wadatar da gajeriyar sanda, kamar yadda mutanen dā suke yi. Doguwar sanda kuwa hanyar zare ta fi. Ana zaro sili ɗaya daga wayar birkin keke, a lanƙwasa bakinsa don kada ya yi kaifi, a zura shi ya fita ta ɗaya gefen, a ɗaura masa abawa, a jawo. A tsakiyar abawar ake ƙulla ɗan ƙullin auduga da aka tsoma a sifirit, a yi ta jan sa gaba da baya, ana sauya audugar duk lokacin da ta yi baƙi. Ba a tsayawa sai ta fito fara ko kusa da haka. Tsohuwar sanda tana iya cin auduga da yawa kafin ta kai nan, kuma gaggawa ba ta rage yawanta. Idan toshewar ta yi tauri, a toshe gefe ɗaya da yatsa, a ɗiga sifirit, a jira ya jiƙa ta, sannan a taɓa da wayar. Ƙusa ko waya mai kauri tana huda kara ta gefe, tana kuma fasa bakin ebonait inda ya fi siranta.

Sifirit ɗin da ake nufi shi ne na kantin magani mai ƙarfin 90 ko sama da haka, domin yana narkar da maiƙo kuma yana bushewa da wuri. Na kunna wuta, da kananzir da fetur, ba su dace da abin da ke shiga baki ba. Sandar akirilik kuma ba ta son sifirit, yana sa ta yi ƙananan tsage-tsage; ruwan sabulu mai ɗumi ya ishe ta. A sandar kara ko itace a rage yawan sifirit, kada ya ɓullo ta waje ya ɓata launi, a kuma bar ta ta bushe a inuwa kwana ɗaya ko biyu.

Jikin sandar gargajiya

A nan ƙa'idar ita ce a yi kaɗan. Duhu da sheƙin da ke jikin tsohuwar sandar itace daga hannun mai ita suka zo, daga gumi da hayaƙi da man jiki na shekaru masu yawa, kuma su ne shaidar tsufanta. Mai kankare su da sanfefa don sandar ta yi fes ya mayar da ita ba ta da bambanci da wadda aka sassaƙa jiya don masu yawon buɗe ido a kasuwar sana'o'in hannu ta Marwa. Busasshen buroshi mai laushi da tsumman auduga sun isa. Idan akwai tsaga, ƙaro da aka jiƙa ya fi gam mai kama nan take, domin ƙaro yana sakewa da ruwa idan wani ya zo daga baya da dabarar da ta fi.

Abin da ba a yi wa sakaci shi ne ƙwaro. Idan ana ganin ƙananan ramuka kuma wani gari mai laushi yana zuba idan an ƙwanƙwasa sandar, to ƙwaron yana ciki da ransa. Gidajen ajiye kayan tarihi suna kashe shi da sanyi: a ɗaure sandar a leda a fitar da iska, a sa a firiza mai ƙarfi mako ɗaya ko biyu, a fitar a bar ta ta huce a cikin ledar kafin a buɗe. Inda wuta ke yawan ɗaukewa sai a nemi firizar da ke da janareta, in ba haka ba aikin banza ne.

Tagulla tana da nata tarko. Kowa ya san tsamiya da lemon tsami da toka suna fito da hasken tagulla, kuma ga kwanon gida babu laifi. A tsohuwar sanda kuwa duhun nan mai santsi kariya ne ga ƙarfen, cire shi asara ne. Wanda ake cirewa shi ne koren gari mai laushi da ke fitowa tabo-tabo yana cin ƙarfen. Ana kankare shi da tsinken itace, a goge da sifirit, a shafa kakin zuma kaɗan, wanda ba ya wuyar samu daga Ngaundere. Gishiri kada ya kusanci wurin ko kusa, domin shi ne ke haddasa irin wannan tsatsa. Ya kamata a san kuma cewa masu zubi sukan narkar da tsofaffin famfo da kwaɗo da kwanson harsashi, waɗanda galibi akwai dalma a cikinsu, don haka tsohuwar sandar tagulla ba abin sawa a baki ba ce. Baƙin ƙarfe kuwa a goge tsatsarsa da busasshen buroshi, a shafa ɗigon man keken ɗinki ta waje kawai.

Fata ba a jiƙa ta. Jan rinin karan dafi yana zuba da ruwa, fatar kuma ta ƙanƙance idan ta bushe. Man kaɗanya yana tausasa ta, amma yana sa ta duhu yana kuma kama ƙura, saboda haka sai idan ta fara karyewa, kuma abin da ɗan yatsa ya lakato ya isa.

Ebonait

A baƙar sandar Turai maganar ta juya, domin a nan abin da ke saman ba tarihi ba ne, lalacewa ce. Hasken rana da danshi suna sa farar wutar da ke cikin ebonait ta haɗu da iska a saman sandar, launin ya koma ruwan ƙasa ko kore-kore, sheƙin ya tafi, a ji ɗaci da tsami a harshe. Garwa gari ne da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, sannan damina ta biyo da danshi, saboda haka sandar da aka bari kusa da taga tana juyawa da sauri. Babu man da ke mayar da launin. Mai yana ɓoye shi na 'yan kwanaki ne kawai. Dole a cire wannan siririn ɓawon da ya lalace har a kai ga baƙin da ke ƙasa.

Sanfefar ruwa irin ta masu fentin mota ake amfani da ita. Ana farawa da lamba 600, ko 400 idan lalacewar ta yi zurfi, ana tsoma ta a ruwan sanyi, ana gogawa da tsawon sandar. Ruwan da ke sauka zai yi launin ƙasa da farko. Idan ya koma baƙi an isa inda ake so. Daga nan a hau 800, a hau 1000, 1500, har 2000, kowace lamba tana share zanen da ta gabanta ta bari. Tsallake lamba yana barin zane da ba ya ɓoyuwa. A duba aikin a hasken rana bayan sandar ta bushe, domin jiƙaƙƙen ebonait kullum baƙi yake bayyana, kuma kusurwar da ke bayan leɓen sanda ita ce ke ɓoye saura.

Wurare uku ake kiyayewa. Gefen da sanda ke haɗuwa da wuyan tukunya dole ya zauna da kaifinsa. Idan aka goge shi ya yi kwana, za a riƙa ganin rami a mahaɗar har abada, shi ya sa ƙwararru ke tokare gefen da wani abu mai faɗi lokacin guga. Hancin da ke shiga wuya ba a taɓa shi, in ba haka ba sandar ta yi sako-sako. Sai tambarin kamfani, kamar farin ɗigon Dunhill ko haruffan da aka buga a gefe, wanda shi ke faɗin asalin lofen: a rufe shi da ɗan salatif a goge kewayensa.

Wasu suna jiƙa sandar a ruwan bilic don a gama da wuri. Yana cin lalacewar, amma yana barin saman da kaushi, yana cinye tambari, yana kuma ɓata duk ƙarfen da ke jiki, a ƙarshe sai an koma ga sanfefar da aka guda. Ruwan zafi ya fi muni, domin nan take yake juya baƙin ebonait ya koma ruwan ƙasa.

Sawun haƙori a wajen baki iri biyu ne. Wanda ya lotsa kawai yana iya tasowa idan an ɗumama wurin, domin ebonait yana neman komawa siffarsa ta farko: ana wuce harshen wutar ashana ko laita a kai da sauri, ba a tsayar da shi, har lotsawar ta cike ko ta ragu. Daƙiƙa ɗaya ta wuce kima sai wurin ya ƙone ya yi ƙuraje. Wanda haƙori ya gutsure kuwa sai ciko. Ana kwaɓa garin gawayi mai laushi da gam mai kama nan take, a cika ramin kaɗan-kaɗan, a bar shi ya kwana, a daidaita da ƙaramin zarto, sannan a bi da sanfefa. Idan hudar ta kai ga ramin hayaƙi, a fara zura gashin kaza da aka shafa wa man jeli a ciki don gam ɗin kada ya toshe hanya. Irin wannan ciko yana da kyau ga ido, amma ba ya jure taunawa.

Bayan sanfefa sai gogi da farin man goge haƙori a tsumma, a wanke, a shanya a inuwa, a shafa kakin zuma a goge har ya yi sheƙi. Kakin yana tsare sandar daga iska na ɗan lokaci. Idan hancin ya yi sako-sako a wuyan tukunya, shi ma kakin zuma ake shafa masa.

Ajiya da amfani

Sandar da aka gyara tana son duhu da bushewa. Akwatin katako ko jakar yadin auduga a cikin ɗaki sun fi leda, wadda ke tara gumi da damina. Ebonait yana fitar da tururin farar wuta a hankali, wanda ke baƙanta azurfa da tagulla, don haka ba a haɗa lofen Turai da na Kapsiki a akwati ɗaya. Ga lofen gado, takardar da aka rubuta sunan mai shi da ƙauyensu da wanda ya ƙera, idan an sani, tana ƙara masa daraja fiye da kowane gogi, kuma a rubuta ta tun dattawan da suka san labarin suna raye.

Wanda ke gyara don ya sha, gara ya sa sabuwar sanda ya ajiye tsohuwar, domin sifirit ba ya kaiwa ga duk abin da itace ya tsotsa. Kuma tsabtar sanda ba ta rage illar hayaƙi. Shan lofe yana jawo ciwon daji na leɓe da baki da maƙogwaro da huhu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 a kowace shekara. Tsohon lofen da ya fito daga Tinguelin ko Alantika da sandarsa ta asali, ajiye shi ya fi kunna masa wuta.